Langidok a Bangon Ajinmu

Wata safiyar Laraba, a daminar da ta biyo bayan babban fari, Malam Isiyaku ya shigo ajinmu na shida a Maigatari da taswira naɗe a hammatarsa. Wani abokinsa malamin lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram ne ya ba shi, rubutunta duk Faransanci. Ya kafe ta a bango da ƙayar aduwa, ya nuna wani yanki a kudancin Faransa da karan dawa, ya ce sunansa Langidok. Mai duba makarantu zai zo daga Gumel bayan mako uku, kuma ni zan tashi in yi bayanin yankin da ka.

Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufin bayan gari ba, aka ɗora mini Bahar Rum. Wai yankin ya lanƙwashe a bakin teku kamar lauje, daga kogin Ron har duwatsun da suka raba Faransa da Sifaniya, ga tafkunan gishiri a gaɓa, ga gonakin inabi iya ganin ido. Monfeliye, Nim, Farfinya: ina jan guga a rijiya ina maimaita garuruwan nan, ina yankar wa awaki ciyawa ina maimaitawa. Abokaina na langa a dandali, ni ina gindin bishiyar bedi ina fama da sunayen da harshena ya ƙi.

A gona Baba ya ji ni. Ya tambaye ni me suke yi da inabi mai yawa haka, na faɗa masa gaskiya: giya suke matsewa. Ya ajiye hauya ya dube ni. "To daga yau ka gama boko. Ga gero nan, shi ma ilimi ne."

Kwana huɗu ban je makaranta ba, ina noma ina haɗiye kuka, don na ƙwallafa rai a kan sakandare. Ran na biyar Malam Isiyaku ya zo zaurenmu, ya durƙusa ya gaida Baba. "Baba, ƙasar nake koya musu, ba sana'ar mutanenta ba." Baba ya ce in koma, amma kada ya sake jin inabi a bakina. Haka na ƙarasa haddar da giɓi a tsakiyarta.

Mai duba makarantu ya zo a kan babur. Na miƙe, na kai kogin Ron ke nan ya ɗaga hannu. "Yaro, Gagarawa tana gabas da Gumel ko yamma?" Ban sani ba, ajin ma kaf ba wanda ya sani. Malam Isiyaku ya naɗe taswirarsa a ranar, ni kuma na yi mako ina ƙin gaishe shi.

Bara jikata ta duba mini a waya, ta ce an haɗe yankin Langidok da maƙwabcinsa, an sake masa suna. Yaran yanzu suna ganin teku a tafin hannunsu, ba wanda ya hana su langa saboda shi. Malam Isiyaku ya rasu, Baba ma haka. Haushin bai gama fita ba, amma da zan sami mai sake tsayar da ni a gaban allo, da na tashi.