Gangaren da Muka Gina wa Buhun Gero

A kan tudu kakanmu ya gina gidanmu na Dutsin-Ma saboda ruwan damina, don haka ba a shiga zaurenmu sai an hau matakala. Ba wanda ya taɓa kula da ita sai da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba. Bayan an sallamo shi daga asibiti yana iya jan ƙafa da sanda a tsakar gida, amma dakalin ƙofar gida, inda ya saba zama da abokansa bayan la'asar, ya gagare shi. Ni da Yaya muke ɗora shi a kujerar roba mu sauko da shi. Mutumin da ya tsufa yana nuna wa 'yan dako inda za su dire hatsi, ga shi 'ya'yansa na kinkimarsa a gaban jama'a. Runtse ido yake yi har mu ajiye shi, kuma abin yana ci mini rai.

Mai gashin ƙashin da ke duba shi a asibiti ta ce a gyara ƙofar. Yaya, wanda ba ya jiran a ƙarasa masa magana, ya ɗauko wani magini daga Rawayau ya ce a yi gangare. Mutumin nan ya zuba siminti faɗin tafin hannu a tsakiyar matakalar, irin wanda yake yi wa kowane gida don tura babur cikin zaure.

"Malam, Alhajin taya guda gare shi?" in ji Yaya.

Sai maginin ya fashe matakalar gaba ɗaya, ya gina gangare mai faɗi, a tsaye ƙiƙam, ya shafe shi sumul don kada a ce aikinsa bai yi kyau ba.

Yaya ya ce ba za a gwada da uba ba. Mu kuwa 'yan hatsi ne, ma'auni ɗaya muka sani. Aka ɗauko buhun gero daga rumfa, aka ɗebe kaɗan saboda Baba ya rame, aka zaunar da shi a keken marasa lafiya da muka aro. Ko tsakiya ba a kai ba keken ya kufce wa Yaya. Buhu ya tsallake titi a guje ya faɗa kwalbati. Wata maƙwabciyarmu ta fito tana salati, ta zaci Alhaji ne. Kajin unguwa kuwa ranar suka yi sallarsu.

Daga nan hidima ta koma kan buhu. Aka kakkarta simintin don kada buhu ya zame. Aka ƙara wa gangaren tsawo har ya kusa taɓa katangar maƙwabta, don buhu ya sauka a natse. Aka ɗaure buhun da igiya, ni ke riƙe ta. Masu zuwa dubiya sukan gaida Baba a gurguje, su fito su tsaya ba da shawara kan yadda buhu ya karkata. Duk wannan Baba na zaune cikin zaure yana kallo, ba wanda ya tambaye shi komai.

Ranar da buhu ya sauka lafiya, Yaya ya shiga da fara'a ya durƙusa.

"Baba, an gama."

Harshen Baba ya yi nauyi, sai an saurara ake gane maganarsa. "To madalla. Ku kai shi dakali ya yi masu hira." Ya huta. "Ni ba keke nike so ba. Abin riƙo nike so."

Ashe ƙafarsa mai ciwo ba ta iya tsayawa a gangare, matakalar da muka fashe ta fi masa sauƙi. Haka aka sake kiran maginin ya yi gajerun matakala a gefe, mai walda ya kafa ƙarfen dafawa. Gangaren ya zama na 'yan garuwa da awaki.

Da Baba ya leƙo a kan ƙafarsa, abokansa suka miƙe gaba ɗaya suka yo kansa, don a wurinmu ba a zama a kalli dattijo yana wahala.

"Ku zauna," ya ce.

Wani Alhaji ɗan Kurfi, amininsa tun suna samari, ya ce, "Haba Alhaji, ko hannu mu kama maka."

"Zauna, Alhaji."

Suka zauna, kowa ya duƙar da kai. Yaya ya maƙale hannuwansa a baya don kada su miƙa kansu. Baba ya kama ƙarfen, ya tura ƙafar mai ciwo, ya jira ta, ya bi ta da mai lafiya. Ya daɗe ƙwarai. Ban taɓa jin tsoro da alfahari sun haɗe mini wuri ɗaya kamar ranar ba.

Ya isa dakali jiƙe da gumi, ya zauna. Amininsa ya goge ido da hannun riga, ya gaishe shi irin gaisuwar da ake yi wa wanda ya dawo daga fatauci.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Ya hanya?"

"Hanya lau," in ji Baba. "Ni na kawo kaina."