Dakta Halliru Indabo, Mai Kira wa Kwamfuta Gayya

Allah da Ya ba mu aron Dakta Halliru Indabo Ya karɓi abinSa ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, bayan gajeriyar jinya. Da la'asar muka raka shi makwancinsa a Wudil. Mu ma hanyar muke jira.

Dakta, ofishinmu ɗaya a sashen ƙididdiga na jami'a, kuma musu ne ya ƙulla abotarmu. Kai ka ce ƙarancin taki ke rage amfanin gero a gonakin Indabo da Kausani, ni kuwa na kafe a kan jinkirin shuka. Mun tara alƙaluman damina da yawa don raba gardama, amma da na ɗora su a manhajar ƙididdiga sai kwamfuta ta wuni tana nishi, a ɗauke wuta, aiki ya koma farko.

Rannan ka leƙo allona, ka yi dariyar nan taka mai ban haushi.

"Malam Tasi'u, ƙwaƙwalwa takwas ce a cikin na'urar nan. Ka ɗora wa ɗaya gona sukutum, bakwai suna zaune a inuwa. A garinku haka ake gayya?"

Ka ja kujera ka yanka alƙaluman kunya-kunya, ka ba kowace ƙwaƙwalwa rabo daidai da na 'yar'uwarta, don kada wata ta gama ta tsaya jiran wata. Ɗaya kaɗai ka bar ta ba aiki, wai ko a gayya akwai mai kawo ruwa. Ka hana ni raba ƙaramin lissafi, domin kiran gayyar zai fi noman daɗewa. Aikin wuni guda ya dawo tsakanin azahar da la'asar. Haka ka yi wa ɗalibai barkatai, kana yi kana tsiya, ba ka taɓa neman a sa sunanka a takardar kowa ba. Ka san sarai da wannan dabara zan yaƙe ka, amma ba ka rage mini komai ba.

Alƙaluman daminar bara, da muke ta jira, sun iso kana kwance. Na ce sai ka tashi mu kunna tare.

Bayan sadakar bakwai na shiga ofis, na raba aikin yadda ka koya mini. Sakamako ya fito fes: jinkirin shuka ne. Ni ne da gaskiya, Dakta. Na juya wajen kujerarka da tsiyar da na daɗe ina tanada maka, na tarar ba kowa. Duk wanda na gaya wa a baranda sai ya ce madalla, ya wuce. Babu wanda ya ce in sake lissafin. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar nan ba, kuma har yau ban fitar da sakamakon ba, don na kasa yarda da amsar da ba ka yi mata musu ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinka Malama Barakatu, da 'ya'yanka Afra da Ubaidullah, da jama'ar Indabo baki ɗaya. Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ilimin da ka raba ya riƙa iske ka. Mu kuma Ya ba mu haƙurin zama ba tare da kai ba.