Inna Fusa, mai keken da ke bin ta ƙarshe

Kafin gari ya waye Obara Fusako ta riga ta tace waken suya, ta dafa, ta danne awararta a akwatunan katako. Ƙarfe shida saura kwata take kashe wuta, ta cika filas biyu da madarar wake mai zafi, ta ɗaure su a bayan kekenta, ta ja hular ulu har kunne, ta gangara ƙofar sakandaren ƙauyenmu, Kamisawa. A can 'yan matan ƙungiyar gudu suke jiranta, suna ta tsalle don sanyi, numfashinsu na fita kamar hayaƙi. Daga girbin shinkafa har saukar dusar ƙanƙara ta fari, haka take yi kullum, yau shekara talatin da huɗu.

Ba ma'aikaciyar makaranta ba ce, ko usur ba ta da shi. Malamin gudu na wancan zamanin ne ya ce mata, tunda hanyar kan dutse take bi ta kai wa tsofaffin unguwar sama awara, ta riƙa duba masa yaran da aka bari a baya. Shi yana gaba a babur da agogonsa. Ita tana can baya, taku biyar tsakaninta da wadda ta fi kowa gajiya, kuma duk waɗanda suka bi hanyar nan shaida ne ba ta taɓa wuce ta ƙarshe ba. Mu Inna Fusa muke ce mata.

Ni ma na bi hanyar. Sunana Chizuru, yanzu ina zaune a birnin Sendai, ina aiki a hawa na tara na wani ofishi da ba a buɗe tagoginsa. Duk shekara idan ganyen itatuwan bakin titi ya fara ja, sai hankalina ya koma gida. Ina tuna raɓar da ta daskare a kan karan shinkafa, da yatsun da ba sa iya ɗaura igiyar takalmi, da ƙarar sarƙar kekenta a bayana, da kofin madarar da take miƙo mana a bakin gada tana cewa, "Ku sha a hankali, ba tsere ba ne wannan."

Nobuhiro mai raba wasiƙu ya ba ni labarin abin da ya gani bayan na bar gida. Shekarar da ta cika sittin, yaran suka fara tsere mata a hawa. Wata rana da la'asar, ana yayyafi haɗe da ƙanƙara, ya same ta tana haura gangaren wurin ibada da jarkokin ruwa biyu ɗaure a keke. Ta kai sama, ta sauko, ta sake hawa.

Ya ce, "Inna, lafiya? Famfon sama ne ya lalace?"

Ta ce, "Ƙafafuna ne suka lalace. Yaran nan sun ƙara sauri, in zauna su bar ni? Wuce ka kai wasiƙunka, ɗan sa ido."

Ya ce sau uku take hawa kowace rana, har kakar ta fita.

Ke ce wannan, Inna, mai horar da kanki a ɓoye don kada yarinyar wani ta waiga ta ga ba kowa a bayanta. Ke ce kika tuɓe rigar sanyinki kika naɗe 'yar gidan Kudo ranar da ta faɗi a kwanar dajin itatuwan sida, kika goya ta har gidan farko, kika dawo kika ɗauki kekenki kina rawar ɗari.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami tsakanina da ita ne.

Ina ajin ƙarshe, saura kwana tara tseren lardi, wanda mutum biyar suke yi, kowa ta gama zangonta ta miƙa wa ta gaba ɗamarar makaranta. Ni ce mai zangon ƙarshe. Shekarar nan kowa ya ce mu ne za mu je birnin Kyoto wakiltar lardi a tseren ƙasa, abin da ƙauyenmu bai taɓa samu ba. Ƙaurina na hagu kuwa ya yi mako biyu yana min suka, ban faɗa wa kowa ba.

Ranar, da muka juyo daga gada, na rage gudu har na koma ta ƙarshe, sai na ji Inna a gefena.

"Ke Chizuru, ƙafar hagun nan taki ce ko aro kika yi?"

"Lafiyata ƙalau, Inna."

"Shekara goma sha ɗaya ina sauraron takun yara a kwaltar nan. Ta dama tana sauka, ta hagu tana neman izini."

Na ce, "Na roƙe ki, kada malaminmu Oikawa ya ji. Kwana tara ne kawai."

Ta ci gaba da taka keken. Sannan ta ce, "Na ba ki zuwa gobe ki faɗa da bakinki. In ba ki faɗa ba, ni zan faɗa, kuma a gabanki."

Ban faɗa ba. Washegari a ƙofar makaranta, a gaban kowa, ta faɗa. Malam ya kai ni asibitin gari, hoto ya nuna ƙashi ya tsage, likita ya ce kilomita biyar da ƙarfi za su iya ƙarasa shi. Aka sa wata 'yar aji ɗaya a madadina. Ina tsaye da sanduna a bakin titi aka wuce ta saura ƙiris ta kai layi. Da daƙiƙa goma sha ɗaya muka rasa Kyoto.

Ƙauye ya ɗauki zafi. Mahaifiyata ta yi wata uku ba ta taka shagon Inna ba, kuma ba ita kaɗai ba. Ni kuwa da ta miƙo min kofi ranar da na dawo kallon horo, na ce mata, "Ke ba malama ba ce, ba likita ba. Mai awara ce kawai." Sai ta miƙa wa ta kusa da ni. Da bazara na tafi Sendai ban yi mata sallama ba. Ko na zo hutu, ta bayan layi nake zagayawa.

Makon jiya Nobuhiro ya bugo min waya. Za a rufe makarantar a watan Maris, yara sun ƙare, shida suka rage a ƙungiyar. Inna kuma idonta na dama ya yi hazo, ɗanta ya hana ta hawa keke bayan Asabar ɗin nan. Na hau jirgin ƙasa.

Na same ta da hantsi tana wanke akwatuna. Ta ƙanƙance, bayanta ya ɗan ranƙwafa. Na sunkuya, na fara maganar da na yi ta haddacewa a jirgi, ta katse ni.

"Riƙe min tiyon nan, ruwa na zuba."

Na riƙe. Muka wanke akwati huɗu. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Daƙiƙa sha ɗayan nan, har yau ina lissafa su. Nakan ce wa kaina, wa ya sani, ƙila da ƙashin ya jure. Ƙila ni na hana ki abin da ba zai sake zuwa ba."

Ban taɓa zaton ita ma tana ɗauke da abin ba. Na ce, "Inna, ina gudu har yanzu. Kowace Lahadi a bakin kogi. Na gama dogon tseren birni sau shida."

Ta ajiye soso. "Cikin awa nawa?"

"Huɗu da minti goma."

"Kai! Wannan ai zuwa kasuwa ne."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta zauna a kan akwati ta rufe fuska da gefen zanen aikinta. Na zauna kusa da ita a ƙasa mai ruwa, ban damu ba.

Na gode, Inna Fusa. Kin zaɓi in tsane ki ina da ƙafafuna biyu lafiya, kin kuma ɗauki fushin ƙauye guda ba ki taɓa kare kanki ba. Shekarata arba'in da ɗaya, duk gudun da na yi tun daga ranar naki ne.

Ku kuma da kuka taɓa shan madararta, ko'ina kuke yanzu, shagon yana buɗe har ƙarshen shekara. Ku je. Wanda yake da keke da asuba guda da zai iya bayarwa, ya nemi yaran unguwarsu da ke gudu cikin sanyi ya bi bayansu. Wanda kuma aka taɓa faɗa wa gaskiyar da ya ƙi ji, kada ya yi irin jinkirina. Ni na yi sa'a na same ta da rai, tana wanke akwatuna.