Ƙwaro a Kwalin Ashana

Ranar kasuwar Makarfi, Safiyanu malamin gona yana zaune a bencin mai sayar da maganin feshi, sai ga wani dattijo da bai taɓa gani ba. Rigarsa ta koɗe a kafaɗu, daidai inda igiyar tankin feshi ke gogawa, fatar yatsunsa duk ta saɓule. Safiyanu ya raya a ransa manomin barkono ne, ƙila daga Gazara, kuma da gonar nan kaɗai ya dogara.

Dattijon ya buɗe wani kwalin ashana a hankali. A ciki ƙwaro ne siriri, kore shar, fukafukansa kamar ragar gidan sauro, idanunsa kamar zinariya.

"Ga ɓarawon," yake ce wa mai shago. "Duk inda darɓa ta kama ganye, nan nake ganinsa. A ba ni mai ƙarfi."

"Baba, a gafarce ni," in ji Safiyanu. "Ƙwansa yana rataye a bayan ganye, kowanne a bakin zare kamar gashi?"

"Shi ne. Da hannu nake murje su."

"Ai 'ya'yansa ne ke cinye ƙwarin darɓar. Aiki yake muku."

Dattijon ya sake duba cikin kwalin.

"Feshi huɗu na yi," ya ce. "Wuni guda na yi a gona kafin na samo wannan ɗayan. Darɓar kuwa tana nan, har ta fi da."

Ya juye ƙwaron a tafin hannunsa, ya hura masa iska. Ƙwaron bai motsa ba.