Ya Kaltumi da Ɓerayen Magaza

Ya Kaltumi 'yar Tumur ce, rikici ya koro ta Diffa. Ta samu aikin shara a masana'antar niƙa tattasai ta Alhaji Kalli, inda ɓeraye da kyankyasai suka mai da magaza, ɗakin ajiyar kaya, gidan gado. Duk wata sai an yi feshi, buhuna su kwana uku suna warin magani.

Rannan ta tare shi a ƙofa. "Alhaji, garin tattasan nan fa a miya za a zuba shi. Ka ba ni wata ɗaya kawai, in kore su ba tare da feshi ba."

Ya yi dariya, ya ce ta gwada.

Ta sa aka ɗora buhuna kan katako nesa da bango, aka toshe ramuka da siminti, aka sa raga a tagogi. Ta baza busasshen ganyen bedi, wato dogon yaro, a ƙarƙashi, ta ɗana tarko da ƙuliƙuli. Ko ɓarɓashi ba ta bari ya kwana a ƙasa.

Da wata ya cika, mai feshi ya zo ya zagaya, ya rasa abin fesawa. Shayi ya sha, ya hau babur ɗinsa. Alhaji ya damƙa mata makullin magaza, shekara huɗu ke nan yana ɗaure a bakin zanenta.