Layin da na bari ba suna

Shekarun baya, a duk sakatariyar ƙaramar hukumarmu babu wanda ya kai ni iya cike takarda. Ko da ido a rufe aka miƙo mini fom, in na shafa shi zan gaya maka inda ake sa hannu. Masu gadi, direbobi, masinjoji, kowa teburina yake nufa. Har nakan ce da a ce ana shiga Aljanna da fom, da unguwarmu kaf ta shige ta hannuna.

Wajen lokacin da aka fara shari'ar Musulunci a jiharmu ne ƙungiyarmu ta ma'aikata ta kafa asusun lafiya. Ana cire wani abu daga albashinka, hukuma ta ɗora nata, in ciwo ya zo asusu ya biya asibiti. Tsari biyu ne: ƙarami na mutum da matarsa, babba kuma har da 'ya'ya huɗu. Wasu suka ce caca ce, sai da limaminmu ya ce taimakekeniya ce kafin hankali ya kwanta. Ni na bi ofis-ofis ina ce wa mutane su ɗauki babban, kada rowa ta kai su ga nadama.

Ni ma babban na ɗauka, kuma 'ya'yana huɗu ne cif. Sai dai ranar rajista a zauren taro aka yi ta. Ana karanta sunan kowane yaro da ƙarfi, uba ya miƙe ya ce nasa ne. Ga kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda shi ne shugaban direbobi, zaune a gefena. 'Yar farina kuwa sunan mahaifiyata aka sa mata, kuma tun yaye tana hannunta a ƙauyenmu bayan Kiyawa. A gidanmu na Fulani mutum ba ya kiran sunan ɗan fari, balle ya miƙe cikin taro ya ce nasa ne, balle a ce sunan uwarsa ne. Na rubuta uku, na bar layi ɗaya. Na ce a raina gobe in babu kowa zan dawo in ƙara. Goben nan ta kai shekara biyu ban koma ba.

Wata safiya cikin damina aka aiko mini cewa an kawo yarinyar asibiti a Dutse. Zazzaɓi ne ya yi mako biyu, sannan ciki ya kumbura. Likita ya ce taifot ya huda hanji, aiki za a yi a ranar. Na ce kada kowa ya damu, ai muna da asusu, na hau acaɓa sai sakatariya.

Abokina ne ke riƙe da fayil ɗin, kuma ni na koya masa aikin. Ya buɗe, ya bi sunayen da yatsa, ya sake bi, sannan ya juyo mini da takardar. Rubutuna ne, mai kyau, ga layin ƙarshe fari fat. Na roƙe shi mu ƙara yanzu. Ya ce sai kwamiti ya zauna, kuma ni da bakina na kawo dokar cewa ba a ƙara suna ranar ciwo. Na nemi shugaban kwamiti, aka ce ya tafi ta'aziyya Jahun. Na bi shi, na dawo hannu biyu bayan la'asar.

Ko da na iso asibiti an riga an shiga da ita tiyata. Mahaifiyata ba ta jira ni ba. Tun hantsi ta sa kawu ya sayar da saniyarta, wadda ta gada daga mahaifinta, ita kaɗai ta rage mata. Yarinya ta tashi, alhamdu lillahi, yau ita ma tana da nata 'ya'yan. Amma likita ya ce da an ƙara jinkiri da labarin ya canza, kuma har yau in na tuna awannin da na yi a kan hanya ina neman sa hannu, ba na iya dariya, ni da ba na rabo da ita. Ban daina ganin kunya abu ne mai kyau ba. Na dai gane cewa ranar rajista kaina na kare, ba mutuncin kowa ba.

Kwana uku bayan aikin, muna zaune a barandar asibiti, na fara yi wa mahaifiyata bayani cewa girmama ta ne ya sa, ba sakaci ba. Ta bar ni na gama. Ba ta kalle ni ba, kawu ta kalla.

"Gaya wa wancan, shi ma ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, amma ban taɓa raba tuwo na tsallake kwanonsa ba."