Sau Ɗaya Aka Tambayi Goggo

Kusan shekara ashirin Goggo ta yi tana sharar makarantar firamare ta 'yan mata da ke bayan gidanmu a Sa'alaba. Yayar mahaifina ce. Tana ƙarama iyayensu suka taso da su daga Sudan don aikin Hajji, suka yi zamansu a Jidda, a nan aka haife ni, a nan na haifi 'yata, kuma har gobe da iƙama, wato takardar izinin zama, muke yawo a jaka kamar baƙin da suka sauka jiya.

Makarantar ta gwamnati ce, amma Goggo ba ma'aikaciyar gwamnati ba ce. Akwai kuɗin da ake ba shugabar makaranta, wadda muke kira mudira, don hidimar yau da kullum: sabulu, takarda, gyaran famfo, ƙwan fitila. A cikin wannan kuɗin ake biyan masu shara. Wato a takarda Goggo layinsu ɗaya da sabulu da tsintsiya, kuma wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya tun kafin abin da zan ba da labarinsa ya faru.

Shara kuwa ita ce mafi ƙanƙanta cikin aikinta. Yarinya ta yi fitsari a aji, Goggo ce za ta ja ta bayi ta wanke ta, ta ciro mata wata riga daga ledar da take ajiyewa a ƙarƙashin matakala. Direba ya makara, Goggo ce za ta zauna da yarinya a bakin ƙofa har ya zo, malamai kuwa sun daɗe da kama gabansu. Uwa ta zo daga Nijar ko Cadi ba ta jin Larabci, sai ka ji mudira ta ɗaga murya, "Ku kira khala," wato inna, yadda suke kiranta da Larabci, Goggo ta jingine abin goge ƙasa ta shiga ofis ta yi tafinta. Ba a taɓa rubuta ko ɗaya cikin waɗannan a wata takarda ba. Su biyu ne masu sharar, ita da wata matashiya 'yar Asiya da ta zo daga baya. Matashiyar nan ba ta yi mana laifin komai ba, ita ma cikinta ya kawo ta.

'Yata tana aji huɗu a lokacin, a bene na sama, ɗakin da rana take duka tun hantsi. Ba wanda ya taɓa cewa ajin baƙaƙe ne. Haka kawai, kowace shekara idan aka raba yara, sai ka tarar 'ya'yanmu sun haɗu a can, kuma na'urar sanyaya ɗakin, wadda a nan muke cewa mukayyif, ta fi iya ƙara fiye da sanyi. Yarinya ta dawo gida rigarta sharkaf, in tambaye ta me aka koya, ta ce mini da Larabci ita dai kanta ke ciwo.

Wata rana saƙo ya shigo wayoyinmu. Mudira tana gayyatar iyaye mata taro, wai tana son jin ra'ayin al'umma kan abin da za a sa a gaba a kasafin shekara mai zuwa. Abu uku ta jera: gyaran mukayyif na sama, gyaran ƙofar shiga da fenti da babban allon lantarki saboda baƙi masu ziyara, sai ci gaba da masu shara biyu. Kuɗin abu biyu kawai zai iya ɗauka. Ina gama karantawa na san inda aka dosa, domin idan aka koma mai shara ɗaya, ba tsohuwa mai ciwon gwiwa za a bari ba. Goggo kuwa ba miji, ba ɗa namiji, aikin nan shi ne hayar ɗakinta da maganinta, kuma shi ne dalilin da ya sa ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba.

Ana gobe taron, bayan la'asar, muka haɗu a falona. Akwai maƙwabciyata 'yar Nijar, wadda mijinta ke da shago a Ammariyya, akwai wata Hajiya 'yar Cadi da ta girme mu duka, jikokinta uku a makarantar, da wasu mata kamar takwas. Kowa ya yarda a tsaya wa Goggo. Kowa kuma ya san ni ce mai Larabcin da ba a gane baƙuwa ce sai an kalli fuskata. Muna cikin haka sai ga Goggo ta shigo, ta ji abin da ake ciki, ta ɗaure fuska.

"Ke 'yar nan," ta ce mini, "kada in ji bakinki gobe."

"Haba Goggo, in ban yi magana ba wa zai yi?"

"A ce na turo ɗiyar ƙanena ta yi mini roƙo a gaban Larabawa? Kada ki kunyata ni. Halas, na gama magana."

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san wannan. Ba ka yabon naka a bainar jama'a, ba ka nema wa naka, wani ne zai tashi ya nema masa kai kuma ka sunkuyar da kai. Matan suka ce Goggo ta yi gaskiya. Maƙwabciyata ta dafa ƙirji ta ce, "Bon, ni zan yi, ai ba 'yar'uwata ba ce." Na ji sanyi a raina, kuma yau idan na tuna wannan sanyin sai in ji haushin kaina, domin na san sarai Larabcinta bai wuce na cefane ba.

Da safe muka tafi. An jera kujeru a babban ɗaki, na gaba masu katifa, na baya na roba. Ba wanda ya nuna mana wurin zama, mu da ƙafafunmu muka wuce baya kusa da ƙofa. Matan 'yan ƙasa suka cika gaba, turarensu ya cika ɗakin. Goggo ce ke zagayawa da butar gahawa da faranti na dabino, tana jan ƙafar hagu, idan ta iso wajenmu sai ta ɗan tsaya ta fassara wa waɗanda ba sa ji abin da ake faɗa.

Mudira mace ce mai fara'a, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta ce dukkanmu iyali ɗaya ne, 'ya'yanmu 'ya'yanta ne, babu bambanci. Ta yi maganar mukayyif a taƙaice. Da ta zo kan ƙofar shiga sai ta ɗauki lokaci, ta nuna hotunan wata makaranta a Aziziyya mai allo da furanni, ta ce ita kunya take ji idan masu duba makarantu suka zo suka ga tamu. Matan gaba suka yi ta gyaɗa kai. Wata ta ce fuskar makaranta ita ce fuskar unguwa. Na kalli bayan wuyanta na ce a raina, 'yarki a ƙasa take, kusa da ofis, inda sanyi har ya yi yawa.

Aka zo kan masu shara. Mudira ta ɗaga kai ta hango mu.

"'Yan'uwanmu na baya, kuna da magana? Tafaddalu, bismillah."

Na taɓa maƙwabciyata. Ita kuma ta juya ta kalli Hajiya, domin ba za ta yi magana babba na zaune ba. Hajiya ta miƙe a hankali, ta gyara mayafi, ta fara da sallama da salati. Ta gaishe da mudira, ta gaishe da malamai, ta gode wa ƙasar da ta riƙe mu, ta yi wa iyayen kowa addu'a, na raye da na mace. A wajenmu haka ake buɗe babbar magana, wanda ya tsallake wannan ba shi da tarbiyya. A wajen mudira kuwa maganar ke nan gaba ɗaya. Hajiya ta tsaya jan numfashi don ta shiga abin da ya kawo mu, sai mudira ta ce, "Allah ya saka da alheri ya Hajja, kalamai masu daɗi," aka tafa mata. Hajiya ta tsaya tana kallon mutane, sannan ta zauna.

Malamar ajin 'yata ce ta yi ƙoƙarin ceto abin, kuma ita ce ta ƙarasa shi ba da niyya ba. Yarinya ce mai kirki, tana son Goggo. Ta ce bai dace a yanke hukunci kan ma'aikata ba a tambaye su ba, ga khala nan tsaye, a ji daga bakinta. Mudira ta ce wannan daidai ne.

"Ya khala, faɗa mana tsakani da Allah. Aikin yana yi muku yawa? Kina da wata buƙata?"

Goggo ta riƙe butar da hannu biyu, ta kalli ƙasa.

"Alhamdulillah ya mudira. Aikin ba shi da yawa. Ba na buƙatar komai."

Mu na baya duk mun san abin da ake jira. Idan ka tambayi dattijuwa ko tana da buƙata, amsar farko a'a ce. Ta biyu ma a'a ce, da ɗan murmushi. Sai ka nace, ka haɗa ta da Allah, sannan ta ce to, tun da ka matsa, gwiwar nan ce. Ko abinci aka kawo wa Goggo haka take yi, tana jin yunwa tana ture kwano. Ta tsaya a wurin tana jiran tambaya ta biyu.

"Kun ji ko," in ji matar nan ta gaba. "Ita da bakinta ta ce aikin ba shi da yawa. To mutum ɗaya ya isa."

Mudira ta rubuta wani abu a takardarta. Ban san ko ba ta san halinmu ba ne, ko ta sani ta ga hanya ta buɗe. Shekara nawa tana tare da Goggo, ta sha miƙa mata abu tana ƙi sai an nace. Wannan tambayar ita ce har yau ban samu amsarta ba, kuma ita ta sa ba na iya gaishe ta da zuciya ɗaya.

Aka ce a ɗaga hannu, yalla, lokaci ya tafi. Mukayyif na sama, muka ɗaga, ni har da miƙewa saboda 'yata. Ƙofa da allo, gaba duk suka ɗaga. Masu shara biyu, mudira ta faɗe shi da sauri cikin Larabcin ofis. Matanmu suka juya suna neman mai fassara, Goggo kuwa ta fice wai za ta ƙaro gahawa, domin ba za ta tsaya ta fassara maganar kanta ba. Ni ina zaune, na ji kowace kalma. Abin da ya rage kawai in ce da Hausa, "Ku ɗaga, maganar Goggo ce." Na ɗaga nawa hannun rabi, maƙwabciyata ta ga nawa ta ɗaga nata, malamar nan ta ɗaga. Kafin sauran su gane an wuce wurin. Mun fi matan gaba yawa a ranar, na ƙirga mu da ido tun shigowarmu.

Na sha gaya wa kaina cewa umarnin Goggo na bi. Gaskiya ne, amma ba ita kaɗai ba ce gaskiyar. Akwai tsoro. 'Yar baƙo ba ta da tabbacin kujera a makarantar gwamnati, kowace shekara sai an duba iƙama, sai an ce akwai wuri. Ban so mudira ta riƙe fuskata a matsayin baƙar matar nan mai baki. Kunya ta ba ni mayafi mai kyau na lulluɓe tsorona da shi.

Ƙarshen zango aka kira Goggo ofis. Aka ba ta takardar yabo a cikin gilashi da kwalin alewa, aka ɗauki hoto, aka ce matashiyar ta fi iya hawa bene. A ranar sai da ta wanke bayi duka, na sama da na ƙasa, sannan ta miƙa makullai. Allon yana nan yanzu a bakin ƙofa, yana ta walƙiya yana yi wa baƙi maraba. Mukayyif ɗin da aka gyara ya yi wata biyu yana aiki, ya sake lalacewa. Idan uwa ta zo ba ta jin Larabci, 'yarta ake cirowa daga aji ta fassara ƙarar da ake kaiwa a kanta.

Goggo ta saki ɗakinta ta dawo gidana, abin da ta yi shekaru tana gudu. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka, muka yi watanni muna zagaye ta. Wata ranar Juma'a da rana muna zaune a kicin tana tsinke ganyen lalo, 'yata ta shigo ta ce wata ƙaramar yarinya ta yi amai a aji jiya, ta zauna cikinsa har aka tashi don ba wanda ya zo. Hannun Goggo ya tsaya. Da yarinyar ta fita na kasa daurewa.

"Goggo, ki yafe mini. Da na yi magana ranar nan da ba a kai ga haka ba. Amma ke kika hana ni."

Ta ci gaba da tsinkar ganyen, ba ta kalle ni ba.

"Na hana ki," ta ce. "Sau nawa kika tambaye ni?"

Ta ɗauki wani reshen ta ci gaba.

"Su Larabawa ne, ba su sani ba, ko sun sani ba ruwansu. Ke fa? A hannuna kika girma."

Ta tura mini kwanon lalon ta ce in wanke shi sau biyu, akwai yashi.